Shagon taifin na bakin tasha da aikin mastas ɗina

Tun da na yi difens ɗin cikin gida, wato kare aikin mastas ɗina a gaban malaman sashenmu, abokan karatu suke ta kirana, wai ina na kai aikina aka buga min shi haka tsaf, ba harafi mai ƙugiya ko ɗaya da ya ɓace, futnot, wato bayanin ƙasan shafi, kowanne a mazauninsa. In nace musu a ƙauye ne sai su ɗauka zolaya nake. To ba zolaya bace, a garinmu ne nan ƙasar Ringim, wani ɗan shago a bakin tasha tsakanin mai faci da mai shayi, kuma tunda tambayar tayi yawa gara in zauna in faɗi abinda na gani gaba ɗaya, mai daɗi da mara daɗi, kar wani ya kwashi jiki tun daga Yankaba ya zo sannan yace na yaudare shi. Sunan shagon dai bazan faɗa ba, in kun yi haƙuri zaku ga dalili.

Ni malamin ƙaramar sakandare ne, ina mastas a fannin tarihi a wata jami'a a Kano, muna cikin waɗanda yajin aikin ASUU na 2022 ya zaunar a gida wata takwas cur. Bincikena akan haraji da jangali ne a ƙasar Ringim, daga 1903 da Turawa suka ci Kano zuwa 1979 da Abubakar Rimi ya hau gwamna ya soke su. Duk wanda yayi irin wannan aikin ya san ƙafa biyu gare shi. Ɗaya takardu, wanda dole sai ka je Kaduna gidan adana takardun tarihi na ƙasa ka nemi fayilolin KANOPROF, wato na tsohon lardin Kano, don mu Ringim gunduma ce a ƙarƙashin Kano har zuwa 1991 da aka yi Jigawa aka bamu masarauta, ka leƙa Arewa House, ka dawo Kano ka shiga Mambayya da Gidan Ɗan Hausa. Ɗaya ƙafar kuma bakin mutane ne, wato ka bi tsofaffi zaure zaure da wayarka kana naɗa. Na yi hira da mutum 23, mata huɗu a ciki, su kam sai da na tafi da matata don ba shiga zan yi ba. Shikenan na dawo ina jin na gama rabin aiki, malamina ya dube ni ta saman tabarau yace kowace hira yana so a rubuce kalma da kalma, da sunan mai magana da shekarunsa da sana'arsa da garin da ranar. Na gwada da kaina a waya, hirar awa ɗaya ta cinye min dare uku, ga makaranta da safe ga gona da yamma. Wannan ne ya kai ni shagon.

Shagon ɗaki ɗaya ne, in mutum biyar suka shiga sai na shida ya tsaya a ƙofa. Kwamfuta biyu, ɗaya babba ta tebur ɗaya laftof, furinta, injin fotokofi wanda yake yin sikanin, ƙaramin injin lamineshan, sai wani katako da aka jera masa soket ana cajin waya, sai POS a gefe. Mai shagon matashi ne bai fi talatin da ɗan wani abu ba, difloma gare shi ta kwamfuta, duk gari Injiniya ake ce masa, nima haka nake kiransa shi kuma yace min Malam. Akwai ƙaninsa da yake taya shi, ɗan aji biyar, wannan zamu zo kansa.

Abu na farko da ya saye ni shi ne ƙugiya. A birni na taɓa kai shafi goma wani shago kusa da makaranta, aka dawo min da su ba ƙ ba ɗ ba ɓ, na yi magana aka ce ai kwamfuta bata da su. Mutanen da basa wannan aikin gani suke ƙaramin abu ne. A bincike irin nawa kuwa, tsoho yace an kai shi fada, wato gaban hakimi, in ka rasa gane da ɗ ko babu sai ya koma an kai shi faɗa. Kuɗin ƙasa ya koma kudin kasa. Baƙi ya koma baki, ƙarya ta koma karya, to wallahi akwai jimlar da in ka cire mata ƙugiya zagi take komawa. Injiniya ya saita kwamfutarsa yadda duk suna fita, ko ɗaga kai baya yi, kuma shi ya saka min Hausa a Gboard ɗin wayata, shi yasa ma kuke ganin rubutun nan da ƙugiyarsa. Ya kuma san ya kashe wannan gyaran da Microsoft Word yake yi da kansa, wanda yake mayar da kalmar Hausa wata kalmar Turanci ba tare da ka sani ba.

Na biyu kunne. Wannan shi ne abinda ba zaka samu a birni ba ko nawa zaka biya. Tsoho ɗan shekara tamanin da wani abu, haƙora sun tafi, ga goro a baki, ga zakara yana cara a bayansa, ga jika yana kuka, ga iska tana kaɗa wayar. Ni da na yi hirar da kaina wani gurin sai na maimaita sau biyar. Injiniya yana ji sau ɗaya zai ce Malam ai cewa yayi malaman taki, kuma haka ne, malaman da En'e, wato hukumar sarki ta lokacin Turawa, take turowa su auna gona da taki a yanka mata kuɗi. Ya san sunayen ƙauyuka da unguwanni da fadamu, ya san waɗanda suka tashi babu kowa yanzu sai kuka da tsohuwar rijiya, ya san in tsoho yace tasha tashar jirgin ƙasa yake nufi ta layin Nguru da aka gama a 1930, inda ake kai gyaɗa, ba tashar motar da muke zaune ba. Da kakarsa ya tashi, Hausar tsofaffi a kunnensa take.

Kuma tsofaffi basa faɗin shekara da lamba. Zai ce maka zamanin Sarki Sanusi, ko shekarar da aka kashe Sardauna, ko kafin canjin hannun tuƙi, ko bayan canjin kuɗi. Na zauna na rubuta masa a kwali, Sanusi 1953 zuwa 1963, Sardauna 1966, canjin hannu 1972, naira 1973, ya manna a bango saman furinta. Daga nan duk inda aka faɗi irin wannan sai ya ja layi a ƙasa don in gani da wuri. Ban ce yayi ba, shi ya ga ya dace. Har yanzu kwalin yana nan, rannan na ga wani mai cajin waya ya tsaya yana karantawa yana musu wai shi a saninsa canjin kuɗi na Buhari ne.

Futnot ma ya iya, na gaske, wanda kwamfuta take lissafawa da kanta, in ka ƙara ɗaya a tsakiya sauran su gyara lambarsu. Mu 'yan tarihi da futnot muke aiki, ba kamar 'yan kimiyyar siyasa da zamantakewa masu APA ba, wato saka sunan marubuci da shekara a cikin baka, kuma babi na uku kaɗai ya haura futnot ɗari. Na taɓa ganin aikin wani abokina da aka buga masa lambobin da hannu ɗaya bayan ɗaya, malaminsa ya cire sakin layi guda, sai da ya kwana biyu yana bin lamba.

Kuɗi kuwa da sauƙi in ka gwada da birni. Lokacin da na fara naira 150 yake karɓa shafin taifin, daga baya ya koma 250, na yi ƙorafi ya nuna min rasit ɗin takarda da tawada na yi shiru. Rubuta hira daga murya bashi da farashinsa don ba'a taɓa kawo masa ba, sai muka zauna muka yi ciniki akan kowace hira, doguwa da gajera. Yana ɗaga ƙafa har ƙarshen wata in albashi ya shigo, wannan kam Allah ya saka masa. Wuta ba'a maganarta, sola ce take riƙe da kwamfutocin da caji, amma injin fotokofi sai an tada janareta, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 baya tayarwa don shafi biyu, sai aiki ya taru. In kana sauri ka sayo lita ɗaya da kanka ka huta.

To yanzu ga inda takalmin yake matsi.

Ranar kasuwa kar ma ka je. Haka lokacin da sakamakon WAEC ko NECO ya fito, ko ake buga silif ɗin JAMB, ko aka buɗe wani fom na ɗaukar aiki ko tallafi, shagon cika yake har bakin titi, aikinka kuma ya koma ƙasan tebur, don mai cike fom yanzu zai biya ya tafi kai kuwa sai ƙarshen wata. Gobe in sha Allah ɗin Injiniya tana iya kai sati. Ban ce ƙarya yake ba, shi kansa yana yarda da goben lokacin da yake faɗa.

A irin wannan cunkoson ne ya miƙa wa ƙaninsa hira biyu ba tare da ya gaya min ba. Yaro ɗan bayan 2000, bai taɓa jin fam da sule da sisi da taro ba. Tsoho yana cewa a shekarar an yanka musu sule goma sha biyu, yaro ya rubuta Sule da babban harafi, ya ɗauka mutum ne. Ina karantawa na ga wani Sule ya addabi gari, kowane gida sai an bada Sule, an kama wani saboda ya rasa Sule biyu, har na fara tunanin wane dogari ne wannan da ban taɓa cin karo da shi a fayil ba. Da na gano na yi dariya har da hawaye, amma fa da ya wuce haka zuwa gaban malamai ba dariya zan yi ba. Jangali kuma ya rubuta jan gali. Na ce wa Injiniya aikina kar ya ƙara fita daga hannunsa, ya yarda, yaron kuma na zaunar da shi na koya masa kwabo goma sha biyu sule ɗaya, sule ashirin fam ɗaya, yanzu in ya ganni sai yace Malam ina Sule.

Filas ɗina ma ta kwaso ciwo a kwamfutar teburin nan, duk fayilolin suka koma wasu 'yan gajerun alamu da basa buɗewa. Kowa da ya zo buga wani abu filas ɗinsa yake cusawa, dole. Ya dawo min da su dai bayan awa biyu da na yi ina zufa ina salati, daga ranar ta WhatsApp nake tura masa, kuma duk abinda aka gama ina ajiye kwafi a Google Drive. Furintar in tawada ta kusa ƙarewa sai ya ciro ya girgiza ya mayar, shafi ya fito rabi baƙi rabi toka toka, in na gwaji ne ba komai, in wanda zaka kai wa malami ne ka tsaya a kansa ka duba kowane shafi. Bandin na roba yana yi da kyau, amma mai kwali mai rubutun zinare a Kano za'a yi, shi ma ya faɗa da bakinsa. Ajami baya karantawa, wata wasiƙa da na samo a gidan wani tsohon malamin haraji sikanin kawai yayi min, mai kyau kuwa har tabon ruwan jikin takardar ya fito, karatun sai da na kai wa wani alaramma.

Duk waɗannan ƙanana ne. Babban abin guda biyu ne kuma duk daga tushe ɗaya suka fito, wato kunnen nan da na yaba, dalilinsa shi ne ɗan gari ne, kuma ɗan gari ba baƙo bane a cikin labarin.

Sati na biyu da fara aiki na biyo da yamma, tun daga gurin mai shayi nake jin muryar wani dattijo da na yi hira da shi tana tashi a sifika, yana bada labarin yadda aka yi masa bulala a ƙofar gidan dagaci. Na leƙa, mutum wajen bakwai a zaune a benci, masu jiran caji, kowa ya kasa kunne kamar ana wasan kwaikwayo a rediyo, wani har yana cewa a ɗan mayar baya. Gabana ya faɗi. Wannan dattijon sai da na rantse masa maganar ta makaranta ce kawai kafin ya buɗe baki. Na ja Injiniya gefe, yace Malam abin kunnena ne ya lalace. A daren na sayo masa sabo. Amma magana ta riga ta fita, kwana biyu a majalisa ana ta, sai da na je da goro na durƙusa na bada haƙuri. Dattijon yace ba komai ɗana, ai a bainar jama'a aka dake ni. Ya yafe, ni dai kunyar bata sake ni ba.

Na biyun ya fi wannan. Akwai wani tsoho, Baba nake ce masa, ɗan NEPU ne na gidi, irin waɗanda har yau in aka ambaci Malam Aminu Kano sai sun gyara zama. Jam'iyyar a Kano aka kafa ta ranar 8 ga Agusta 1950, amma shi yace sai da ya zama saurayi ta iso su, ta bakin masu zuwa tasha da gyaɗa. Ya bani labarin shekarar zaɓen 1959, yadda aka zo karɓar harajin da ubansa ya riga ya biya, saboda an ga tauraron NEPU a zaurensu ba fartanyar NPC, jam'iyyar Sardauna, ba. Na tuna maganar sarai don da ya zo gurin sai da yayi shiru mai tsawo, na ɗauka ya gama, sannan yace dagaci ya ci kuɗin, ya yaga rasit, ya ɗaure ubana a rana, ya kora mana awaki uku. Bayan wata biyu ina haɗa babi na huɗu na buɗe hirar a rubuce in ɗauko gurin, sai na ga an rubuta wai an samu saɓani tsakanin mahaifinsa da dagaci akan maganar rasit. Saɓani. Baba ko a mafarki baya cewa saɓani, wannan Hausar labaran rediyo ce. Na kunna muryar, maganarsa tana nan yadda na tuna ta.

Ban je da rana ba don kar in yi abin kunya a gaban mutane. Bayan isha'i na same shi yana rufe shago, muka zauna a bencin. Na kunna masa, na nuna masa takardar. Bai yi musu ba ko kaɗan. Yace Malam, dagacin nan kakan mahaifiyata ne. Yace mutumin ya rasu ƙasa ta rufe masa ido, jikokinsa suna nan, da su nake sallah, ni kuma da hannuna zan zauna in buga cewa ɓarawo ne? Ku in kun gama Kano zaku kai takardarku a baku digiri, ni a garin nan zan kwana.

Na yi niyyar faɗa sosai amma sai bakina yayi nauyi, don nima a garin nake kwana, kuma na san gidan, na ci tuwonsu. Abinda nace masa shi ne Injiniya da ka gaya min, da ka ce wannan bazan iya ba, sai in ɗauke in yi da kaina, amma ka canza maganar tsoho ka bar sunansa a kai, ka sa shi ya faɗi abinda bai faɗa ba, shi da ya jira shekara sittin da wani abu kafin wani ya zo ya tambaye shi. Yayi shiru, can yace haka ne.

Laifin dai ba nasa bane shi kaɗai. A aji an koya mana amanar wanda ka yi hira da shi, mun rubuta a jarrabawa mun ci, amma ko sau ɗaya ban kawo a raina cewa mai taifin ma mutum ne mai dangi ba, na ɗauke shi kamar wani ɓangare na furinta. Na kwashi muryoyin mutane da sunayensu na zube a shagon da duk gari yake caji. Hutun zangon nan gaba ɗaya a kansa ya ƙare, na bi hira 23 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, abin kunne a kunne takarda a hannu. Na samu guri uku da aka sassauta, duk akan gidan, sai wani Allah ya isa na wata tsohuwa da aka share gaba ɗaya. Sauran kuwa tsaf suke, har inda tsoho yayi tari ya sa alama. Abin mamaki maganganun da aka yi akan hakimi da Turawa da 'yan doka bai taɓa ko wasali ba. Ya gyara duka bai karɓi ko kwabo ba. Na kai wa malamina maganar, ya amince a cire sunan dagacin da na ƙauyen a cikin rubutu, mutum huɗu kuma a sa musu wani dattijo maimakon suna, cikakken bayanin ya zauna a gurina.

Akwai kuma wata sana'ar da ake yi a shagon wadda bana so, kuma na gaya masa. A kwamfutar teburin akwai jaka guda cike da tsofaffin furojek na 'yan NCE da difloma da digiri, yaro zai zo yace ga taken da aka bashi, a nemo mai kama da shi a canza sunan ƙaramar hukuma da shekara a buga. Ni kaina ya taɓa ce min Malam akwai babi na biyu na wani akan sarautar gargajiya in kana so, da zuciya ɗaya ya faɗa, taimako yake ganin zai yi. Nace a'a, mu ana saka aikinmu a Turnitin, manhajar da take kama satar rubutu, kuma ko ba'a sakawa malamina ya san rubutuna kamar yunwar cikinsa. Wata rana kuma na tarar da wani ɗalibi a bencin waje da tulin takardun tambayoyi, shi kaɗai yake cikewa, biro uku a hannu yana canzawa, shuɗi baƙi ja, wai ra'ayin jama'ar ƙaramar hukuma akan zaɓe, Injiniya kuma yana jira ya shigar a Excel a fitar da kaso. Wannan ba laifin shago bane kai tsaye, amma ya sa na tsaya a kansa ranar da muka gama sai da ya goge duk fayilolina da muryoyin a gabana, har cikin kwandon shara na kwamfutar. Bana so shekara biyu nan gaba in ga Baba ya koma ɗan wata ƙaramar hukumar.

Masu tambaya ko su kawo nasu, ga yadda nake gani. In taifin ne na abinda ka rubuta da hannunka, ko gyaran futnot da jerin littattafai, ko rubutu mai Hausa da yawa a ciki, kawo, ban ga kamarsa ba har a birni, ka dai bada sati biyu akan ranar da kake buƙata. In hira ce da mutanen wani yankin daban, Gumel ko Kazaure ko Birnin Kudu, inda bashi da kawu bashi da gwaggo, nan ma kawo, kunnensa zai yi maka aiki, ka taho da abin kunne, ka cire sunaye daga kan fayil ka sa lamba. In kuwa mutanen nan kusa ne kuma maganar ta taɓa sarauta ko gado ko rikicin malamai ko siyasar gida, irin su santsi da taɓo na rabuwar jam'iyyar PRP da har yau akwai gidajen da basu gama hucewa ba, to ka zauna ka rubuta abinka ko zai kai ka wata uku. Kuma ko wa ya buga maka, ka bi da kunnenka.

Gyaran da aka bani a difens shi zan kai wa, na riga na gaya masa. Satin da ya wuce na ɗauki shafin Baba da aka gyara na je na karanta masa a zaure, a hankali, yana jingine da bango ido a rufe. Da na zo gurin awaki ya ɗaga hannu yace tsaya, uku nace maka? Nace eh Baba, haka yake a murya. Yace to na yi mantuwa, huɗu ne, akwai wata ja mai ciki da uwata take ji da ita. Na dawo tasha na samu Injiniya nace akwai ƙarin futnot, na karanto masa. Ya buga da kansa, dagaci da rasit da rana da akuya ja mai ciki, ya juyo da laftof ɗin na duba, ƙugiya duk ta fita. Kuɗin shafi ɗaya ya caje ni.